RUWAN ZAFI, ITACE DA HARAJI: DARASI DOMIN MUTANEN GWASKA DA KEWAYE

An shirya wannan ɗan littafi domin magidanta da matan aure na Gwaska da sauran ƙauyukan ƙasar Birnin Gwari. Ana roƙon malaman makaranta da masu unguwanni su karanta shi a bainar jama'a, don waɗanda ba su iya karatun boko ba su ji abin da ke ciki. Maganarsa kuwa ita ce ta dafa ruwa a gida: yawan itacen da ya ke ci, da hanyoyin da za a rage shi, da irin sauƙin harajin da gwamnatoci kan yi don mutane su sayi kayan da ba su cin makamashi da yawa.

Wani zai ce, ina ruwan Gwamnati da tukunyar ruwan wankana? To, a yi haƙuri a ji.

Abin Da Tukunya Ke Ci

In ana zancen itace, hankalin kowa tuwo ya kan tafi. Amma duk macen da ke riƙe da gida ta san tukunyar ruwa ma ba ƙaramin ci gare ta ba. Tun daga Disamba har Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama, ba wanda zai yarda ya kwara ruwan randa da asuba. Yara za su tafi makaranta, tsofaffi za su yi alwala, kowa na son mai ɗumi. Sa'an nan ga babbar maganar, watau wankan jego.

Bari mu yi lissafi, gama lissafi ba ya son kai. Masu ilmin kimiyya sun auna, sun ga kafin a tafasa jarka ɗaya mai lita 20, daga sanyinsa na rijiya, ana bukatar zafin da ya kai kusan yunit 2 na lantarki, irin wanda mita ke ƙirgawa. Kilo ɗaya na busasshen itace kuwa yana ɗauke da zafin da ya kai wajen yunit 4 da rabi. Da a ce duk zafin nan cikin tukunya ya ke shiga, da rabin kilo ya isa jarka guda. Amma murhun duwatsu uku mabarnaci ne. Iska na shiga ta kowace kusurwa, harshen wuta na fita ta gefe, ƙasa na shan nata. Abin da ke isa ruwan bai fi kashi ɗaya cikin takwas ba. Saboda haka jarka ɗaya sai ta ci kilo 3.

Yanzu a ɗauki mai jego. A ce ana tafasa mata jarka biyu da safe, biyu da maraice, ko da shi ke a wasu gidaje ana sa abin da ya fi haka. Kilo 12 ke nan a yini. A kwana arba'in ya zama kilo 480, watau kusan rabin tan, domin haihuwa ɗaya. In kuwa haihuwar fari ce aka zarce arba'in, kamar yadda wasu iyaye ke so, sai abin ya haura. Ba banza ba ne tun zamanin kakanni maigida kan fara tara itacen jego tun ciki bai tsufa ba. Kowa ya ƙirga haihuwa nawa aka yi a unguwarsu bara, ya riɓanya da rabin tan, ya ga inda daji ke tafiya.

Tun da maganar jego ta shigo, ya kamata a faɗi wannan. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura, tun shekarun 1970, cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ga matan ƙasar nan, suka danganta shi da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta da yawan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilai kuma, har da ƙarancin wasu sinadarai a abinci. Ko ta yaya, ruwa mai ɗumi sosai ya wadatar da tsabta, ba sai mai salɓe fata ba. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ya ke yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar, kada a ƙara mata wuta.

Dajin Da Ake Sara

Ƙasar Birnin Gwari Allah ya yi mata arzikin daji. Tun 1936 aka keɓe Kamuku ya zama gandun daji na En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya zama gandun ƙasa. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 1,100, ya haɗa iyaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Doka ce ta fi yawa a cikinsa, ga kaɗanya da ɗorawa da marke da kirya a kewaye. Wanda ya tashi a nan ya kan ɗauka itace ba ya ƙarewa. Mutanen Katsina da Daura ma da haka suka ɗauka.

Gatarin matan ƙauye ba shi ne ya fi yi wa daji ɓarna ba. Masu gawayi su ne. Irin ramin da ake ƙona gawayi a nan, sai an zuba kilo 5 har zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya, kuma manyan itatuwa masu nauyi su ke nema, kamar kirya da kaɗanya. Gawayin nan birni ya ke tafiya. Bayan da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin kome ya tashi, gidaje da yawa a Kaduna da Zariya suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi. Ashe ke nan ruwan wankan mutumin birni ma daga dajinku ake dafa shi.

Akwai kuma abin da ya fi itace tsada. Ba a bukatar a tuna wa mutanen Gwaska abin da ya faru a watan Mayu na 2018, sa'ad da 'yan bindiga suka faɗa wa garin suka kashe mutum 45 ko fiye. Allah ya jiƙansu. Shekaru aka yi shiga daji neman itace ya zama sayar da rai. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna, cikin matakan tsaro, ta hana saran itatuwa a wasu ƙananan hukumomi har da Birnin Gwari, ta kuma hana safarar itace da gawayi. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta daɗe a rufe. Duk da haka, kowace tafiya daji da aka rage wa yarinya riba ce. Hayaƙi ma yana da nasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara a duniya saboda hayaƙin girki a cikin gida, galibinsu mata da ƙananan yara.

Hanyoyin Rage Itace

Hanya ta fari ba ta cin ko kwabo. A rufe tukunya da murfi. A busar da itace kafin a hura, gama ɗanye sai ya ƙone ruwan jikinsa tukuna kafin ya dafa naka. A kewaye murhu da laka, a bar ƙofa ɗaya ta itace, don wuta ta rungumi tukunya. Kada a tafasa abin da ɗumi kawai ake so.

Ta biyu ita ce ingantaccen murhu. Mai kyau daga cikinsu ya kan kai kashi ɗaya cikin uku na zafin cikin tukunya. Da irinsa, itacen jegon nan na kilo 480 sai ya koma wajen 200. Akwai wani na ƙarfe mai suna Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta daɗe tana yaɗawa tare da wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair, daga baya har aka kafa masana'antarsa a Kano. Da 'yan ƙirare ya ke aiki. Ana haɗa shi da wani akwati mai riƙe zafi, wanda in an sa tukunya a ciki aka rufe sai ta yi sa'o'i ba ta huce ba. Sai dai tukunyarsa ba ta kai girman ta jego ba, ya fi dacewa da girki da ruwan wankan yau da kullum.

Ta uku ita ce rana, kuma a kanta za mu daɗe kaɗan, don mutane na rikita ta da wani abu. Allon da ake gani a kan rufi yana cajin waya da kunna fitila, lantarki ya ke yi. Na dafa ruwa dabam ne, ba ruwansa da waya ko batir. Akwati ne marar zurfi, an shimfiɗa baƙin ƙarfe a cikinsa, an manna bututai a jikin ƙarfen, an rufe da gilashi. Rana ta bugi ƙarfen ya yi zafi, gilashi ya hana zafin gudu, ruwan da ke cikin bututu ya ɗauka. Ruwan zafi kuwa ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka da kansa ya ke hawa zuwa tankin da aka ɗora bisa akwatin, na sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Haka zai yi ta kewayawa tun hantsi har la'asar, ba famfo, ba inji.

A ƙasarmu kowane murabba'in mita na samun zafin rana da ya kai yunit 5 ko fiye a yini. Akwatin na kama kusan rabi. Saboda haka mai faɗin murabba'in mita 2 zai iya ɗaga lita 150 daga digiri 25 zuwa 55 a yini guda, watau abin da ya isa wankan babban gida bayan an sirka. Ba ya tafasa ruwa. Amma in an ɗebi ruwan da ya riga ya kai digiri 60 aka ɗora a wuta, kusan rabin aikin an gama. Wanda ya haɗa shi da ingantaccen murhu, itacen jegonsa zai sauko wajen kilo 100, in tankin na da rufi mai kauri da zai riƙe zafi har asuba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun farkon shekarun 1980, ta daɗe tana ƙera irinsa da kayan gida.

Yana da nasa aibu, ba za a ɓoye ba. Ƙurar hunturu na rage ƙarfinsa daidai lokacin da aka fi bukatarsa, sai ana share gilashin kowace safiya. Cikin Agusta, in hadari ya rufe kwana biyu, ruwan ɗumi kawai zai yi. Inda ba famfo, da guga za a cika tankin. Yara kuma da jifa. Amma babban aibunsa shi ne kuɗinsa gaba ɗaya ake biya, itace kuwa kaɗan kaɗan. Nan ne maganar haraji ta shigo.

Iri Uku Na Sauƙin Haraji

Dattawa sun san haraji da jangali, wanda dagaci ke bi gida gida, har Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna a 1979. Harajin yanzu yawancinsa ba a ganin mai karɓarsa, cikin kuɗin kaya ya ke ɓoye. Gwamnati in tana son wani kaya ya yaɗu, tana da ƙofa uku da za ta sassauta.

Ƙofa ta ɗaya kuɗin fito ne, wanda kwastan ke karɓa in kaya ya sauka a Ikko ko ya ƙetaro iyaka. Ta biyu harajin sayen kaya, wanda ake kira VAT. An fara karɓarsa a Nijeriya a 1994, biyar cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa bakwai da rabi ran 1 ga Fabrairu 2020. Watau kayan da a misali kuɗinsa Naira 200,000 ne, harajinsa Naira 15,000. Ta uku ita ce a rage wa mutum harajin da ya ke biya a kan albashinsa ko ribarsa, saboda ya sayi abin.

Amurka ta fi bin ƙofa ta uku. A 1978, bayan tsadar mai ta girgiza su, suka yi dokar rage haraji ga wanda ya sa na'urar rana a gidansa. Shugaba Carter da kansa ya sa aka kafa alluna 32 na dafa ruwa a kan fadarsa a 1979. Sauƙin ya ƙare a ƙarshen 1985, aka sauke allunan fadar a 1986, kamfanoni masu yawa da ke wannan sana'a suka rufe. An dawo da shi da dokar 2005, talatin cikin ɗari na kuɗin na'urar. Dokar 2022 ta faɗaɗa shi, har aka sa wata tukunyar lantarki mai jawo zafi daga iska, wadda ake rage wa mai ita har Dala 2,000. Sai kuma dokar Yuli 2025 ta yanke cewa duk sauƙin nan na gidaje ya ƙare ran 31 ga Disamba 2025. A gina, a rushe, a sake ginawa. Maƙeri ba ya iya shirin shekara goma a kan irin wannan.

Wani ɗan tsibiri mai suna Barbados, wanda mutanensa ba su kai 300,000 ba, ya fi su dabara. A 1974 suka ɗauke kuɗin fito daga kayan da maƙeransu ke bukata don ƙera na'urar, suka kuma ɗora haraji mai nauyi a kan tukunyar lantarki. A 1980 suka ƙara da ragin harajin albashi. Kafin 2010 na'urorin da aka kafa a tsibirin sun haura 40,000, kusan dukkansu ƙirar gida. Tunisiya kuma a 2005 ta ga matsalar ita ce biya gaba ɗaya, sai ta shirya banki ya ba da rance, mutum ya riƙa biya kaɗan kaɗan cikin takardar kuɗin lantarkinsa har shekara biyar. Kenya ta gwada tilas da dokar 2012, majalisarta ta soke dokar a 2018.

Abin Da Ke Akwai A Nijeriya

A 2020 Ministar Kuɗi ta fitar da umurni wanda ya ɗauke VAT daga wasu kayan makamashin rana da na iska. A watan Maris na 2024 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa ta girki mai tsabta. Cikin Oktoba na wannan shekarar kuma Ministan Kuɗi, Wale Edun, ya ba da sanarwar wani umurni da ya ɗauke VAT daga gas na girki da kayan girki masu tsabta. Ran 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, waɗanda aka sa su fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Sun bar VAT a bakwai da rabi, sun kuma ce Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu.

A lura da wannan na ƙarshe, gama shi ne ya nuna ƙofa ta uku ba ta Gwaska ba ce. Ba a rage wa mutum abin da tun asali ba ya biya. Manomin da masararsa da dawarsa ba su kai shi ga harajin shiga ba, ko an ce za a mayar masa da talatin cikin ɗari, an yi masa kyautar rijiyar da ba ruwa. Irin wannan sauƙi babban ma'aikaci da attajiri ya ke samu, su kuwa dama suna da halin saye. Abin da ke iya isowa ƙauye shi ne na ƙofa ta ɗaya da ta biyu, don su a jikin kuɗin kaya su ke.

Su ma sai an sa ido. Naira 15,000 ɗin nan da Gwamnati ta yafe, kafin kaya ya taso daga Ikko ya biyo Kaduna ya iso Birnin Gwari, ya ratsa hannu uku ko huɗu, kowane hannu kuwa na iya riƙe ta. Har wa yau, sauƙin yana bin sunan kaya da lambarsa ne a cikin jerin da aka buga, ba duk abin da aka ce na rana ne ya shiga ba. Akwai kuma wani gurbi da ya kamata hukuma ta duba. Maƙerin Panteka a Kaduna wanda zai iya haɗa akwatin nan, in ya je sayen gilashi da bututu da fallen ƙarfe, da harajinsu ya ke saye, tun da su ba kayan rana ba ne a takarda. Sai ka ga an sauƙaƙa wa na ƙetare, na gida bai ji a jikinsa ba. A ganinmu darasin Barbados ke nan, kuma shi ya fi dacewa da mu: a sauƙaƙa wa mai ƙera, a bar dokar ta daɗe.

Abin Da Ya Kamata Ku Yi

Wanda zai sayi ingantaccen murhu ko tukunyar gas ko na'urar rana, ya nemi rasit, ya duba ko an rubuta VAT a ciki. In an rubuta, ya tambayi dalili. Ya taya a shago biyu ko uku kafin ya biya. Kada ya sayi na'urar ruwa sai an nuna masa wanda zai gyara ta in ta yi yoyo, da inda ake samun gilashinta.

Tun da shi ke yawancin gidajenmu ba su da takardar lantarkin da za a bi irin hanyar Tunisiya, adashi da ƙungiyar gama kai su ne bankinmu. Gida goma in suka haɗa suka saya tare, sun sami farashin sari, kuɗin mota kuma ya rabu goma. Ba lalle ne kowane gida ya mallaki nasa ba tun farko. Wuraren da suka fi cancanta a fara su ne ɗakin haihuwa na asibiti, da masallacin Juma'a, da makarantar kwana, inda ake dafa ruwa kullum kuma jama'a za su gani da idonsu. Masu unguwanni su kai wannan bukata ga kansilansu tun ana shirya kasafin ƙaramar hukuma, a rubuce, da sunan wurin da yawan masu amfani da shi.

Wanda bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya sami baƙar jarka, ko ya shafa wa rabin duro baƙin fenti, ya cika da ruwa da hantsi, ya rufe bakinsa, ya ajiye a inda rana ke bugawa kuma iska ba ta kaɗawa, bisa katako ko buhun ƙaiƙayi don ƙasa kada ta sha zafin. In ya sami farar leda mai haske ya lulluɓe, ya fi. Wannan ruwan na wanka da wanki ne kaɗai, ba na sha ba. Da la'asar ya sa hannu ya ji, sa'an nan ya ƙirga itacen da bai hura ba a wannan mako.